Ɗakin da Aka Gina Mini a Dar Salam

Tun da na ajiye aikin koyarwa, abokan da muke zama da su bayan La'asar a ƙofar gidana suka sa ni gaba. Sun san na yi shekaru ina yawo a ƙasashen da yaƙi ya ci, ina nazarin yadda mutane ke sake tada gida da gari bayan an rushe, amma ba wannan ne ya dame su ba. Maganar da na taɓa saki da wasa suka riƙe, cewa ina da ɗaki nawa na kaina a Sudan. Alhaji Sule har cewa ya yi mata na ajiye a can. To, ga yadda aka yi, kowa ya huta.

Na je ne a zamanin mulkin sojansu, lokacin yaƙin kudu yana kan ganiyarsa. Wani malamin jami'a, Dakta Usman, wanda muka saba a tarurrukan ilimi, shi ya gayyace ni. Yaƙi da fari sun kwaso mutane sun zube su a gefen Khartoum, hukuma kuma tana rushe unguwannin da aka kafa ba da izini ba, tana kwashe mazauna zuwa filaye a bayan gari. Abin da na je gani ke nan.

Daga Kano muka tashi. An ce da hantsi, ba mu bar ƙasa ba sai da muka yi Azahar a filin jirgi. Yawancin fasinjojin 'yan kasuwa ne da masu zuwa ganin dangi. Mun sauka a Njamena, aka ce kada kowa ya fita, muka zauna cikin zafi har wata tsohuwa ta buɗe ƙullin dambunta ta bi layi tana raba wa mutane. Ban taɓa cin dambu mai daɗinsa ba, ko don yunwa ce.

A Khartoum jami'in kwastan ya buɗe jakata ya ci karo da abu biyu: rikoda, da wani ƙulli da uwargidana ta cusa ba da sanina ba. Da ya kwance, warin daddawa ya cika wurin, ya ja da baya ya toshe hanci. Na shiga yi masa bayani da Larabcin da na koya a littafi. Ya saurara, ya saurara, sai ya yafuto abokin aikinsa ya ce, “Zo ka ji wani yana yi mini huɗubar Juma'a a kan abin miya.” Suka yi dariyarsu. Rikoda dai suka riƙe, wai sai na kawo izini, daddawa kuwa suka roƙe ni in ɗauke ta da sauri.

An sauke ni a gidan baƙi na jami'a. Ɗaki ne mai tsabta, da fanka wadda ke juyawa idan an ga damar kawo wuta. Abinci kuwa ful, wato wake da aka dafa har ya narke, a zuba mai a ci da burodi. Ful da safe, ful da daddare. Na zauna a Beirut, na zauna a Maputo, ko'ina akwai abin da baƙo zai saba da shi, amma ban ga inda karin kumallo ke tsayar da aikin gwamnati ba sai a nan. Da rana ta ɗan ɗaga, ofis zai watse, a haɗu a kan faranti ɗaya, babba da masinja, kuma duk wanda ya gifta sai an rantse masa ya sa hannu. A wurinmu idan aka ce bisimilla, kana iya cewa alhamdulillahi ka wuce. A can wannan ba amsa ba ce. Gaisuwarsu ma ta fi tamu tsawo, abin da ban zaci zai yiwu ba: a dafa kafaɗa, a yi musabaha, a sake dafa kafaɗa.

A bakin ƙofar jami'a, ƙarƙashin wata darbejiya, akwai mace mai sayar da shayi, da 'yan kujerunta na igiya. Kullum nakan zauna wurinta, muna Larabci. Wata rana garwashi ya faɗo mata a ƙafa, sai na ji ta ce, “Wayyo Allah, na shiga uku!”

Na ce, “Sannu, 'yata. Sa ruwa.”

Ta tsaya da butar a hannu. Ta duba hagu, ta duba dama, sannan ta rage murya ta ce, “Baba, kai ɗan gida ne?”

Sunanta Hauwa. A Jazira aka haife ta, inda iyayenta suka yi ƙwadagon auduga, ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Hausarta irin ta kakanninmu ce, ta cakuɗe da Larabci, kuma ba ta yin ta da ƙarfi a titi, don ba kowa ke kallon masu yin ta da mutunci ba. Mijinta an ɗauke shi aikin soja zuwa kudu, labarinsa ya yanke. Tana da 'ya'ya mata biyu da tsohon uba. Da ta ji abin da ya kawo ni, ta ce, “Kai mai binciken rusau ne? To ga rusau a gidanmu, zo ka bincika.”

Ga damuwarta. An rushe unguwar da suke, aka kai su Dar Salam, can bayan Umdurman, aka ba su fili da sunan mahaifinta, Baba Idrisa. Sharaɗin shi ne a gina ko da ɗaki ɗaya ne. Kwamiti zai zagayo kafin damina, filin da aka tarar ba gini a karɓe a ba wani. Baba kuwa ya ce ba za a ɗora ƙasa a kan ƙasa da sunansa ba.

Na ce, “Rashin hali ne?”

Ta ce, “Ina! Na taɓa tara abin da na tara aka buga mana tubali. Na dawo daga aiki na tarar ya ba masallaci. Wai shi matafiyi ne, yana hanyar Makka. Baba, shekara nawa yana hanyar nan! Kai ka fito daga gida, kuma malami ne. Watakila ya ji taka.”

Ranar Juma'a muka tafi. Mun haye gada zuwa Umdurman a ƙaramar bas da suke kira hafila. Kwandastansu ba ya ihu kamar namu, ƙyasta yatsu yake yi, mai son sauka ma ƙyasta yatsu zai yi. Ni da na ce a tsaya da baki, kowa ya waiwayo kamar na yi ashar. A babbar kasuwar bayan gari muka sauya mota. Nan na ga tsirenmu da kuli-kulinsa, sunansa agashe, masu gasa shi kuwa kusan duk mutanenmu ne. Daga nan kwalta ta ƙare. Fili ne fetal, ba itace ko ɗaya, sai gidajen ƙasa, da rumfunan buhu da kwali, da jakuna masu jan gangar ruwa.

Baba Idrisa yana zaune a rumfar zana, a kan gadon igiya da ake kira angareb. Dogo ne, siriri, idonsa ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambaye ni garinmu, na ce ƙasar Katagum. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Daga can mahaifinsa ya taso da shi a ƙafa, yana ɗan yaro, da niyyar Hajji. Na miƙa masa goro da ƙullin daddawar nan da ta kunyata ni a kwastan. Ya kwance, ya kai hanci, ya shaƙa. Can ya ce, “Ta kalwa ce. Ƙamshin hannun innata.”

Bayan mun ci kisra, wata 'yar siririyar waina mai tsami da ake ci da miyar kuɓewa, na kawo maganar. Na yi iya yina. Na ce Hajji sai da iko, wanda bai samu iko ba niyyarsa ta isar masa. Na ce gina ɗaki ba ya warware niyya. Na ba shi labarin mutanen da na gani a Laberiya da Mozambik, waɗanda suka ce zaman wucin gadi suke yi, har 'ya'yansu suka tashi ba su da ko taki ɗaya na ƙasa.

Ya saurare ni har ƙarshe, da ladabi. Sannan ya ce, “Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma ba kai ka riƙe hannun ubana ba ranar da zai cika a gonar auduga. Ya ce mini, Idi, mun tsaya neman guzuri ne, ba mu iso ba. Kada ka yi gini a hanya. Waɗanda suka gina duk sun zauna. Na ce to. A bukka na yi aure, a bukka na haifi waccan. Yanzu da na kusa saduwa da shi ne zan je in ce masa me?”

Hauwa tana bakin murhu, ta juya mana baya.

Sai tsohon ya sauya magana, ya ce, “Kai kuma wurin wa ka sauka?”

Kafin in buɗe baki Hauwa ta amsa daga inda take, “Wurin wa fa? A gidan baƙi na jami'a yake, shi kaɗai kamar maraya. Ful safe, ful dare.”

Na ce, “Baba, wuri ne mai kyau, har da fanka.”

Ya ce, “Wa ke tambayarka yadda ka kwana?”

Na ce babu.

“Wa ke zuba maka ruwan alwala?”

Na ce akwai famfo.

Ya tafa hannu ya yi salati. Ya ce, “Mutum ya taso tun daga Katagum ya kwana wurin famfo, ina raye a garin? Gobe ka kwaso kayanka.”

Hauwa ta ce, “Ya kwaso ya sa a ina, Baba? Rumfa ɗaya gare mu, ga ni ga 'yan mata. Babban mutum kamar wannan, ko suturarsa zai sauya sai a gaban jama'a?”

Tsohon ya ja carbinsa. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, “A yi wa baƙo ɗaki.”

A hanyar komawa na ce mata, “'Yata, dama ba wa'azina kike so ba.”

Ta ce, “Wallahi na so, Baba. Na ce a fara gwada ilimi tukuna.”

Dakta Usman da ya ji zan koma Dar Salam ya kama kai. Baƙo ba ya sauya masauki a lokacin sai da sanin hukuma, don haka ya raka ni ofishin da ake rajistar baƙi. Jami'in ya sa na maimaita sunan unguwar, ya dubi Dakta Usman ya ce, “Abokinka lafiyarsa ƙalau?” Dakta Usman ya ce, “Farfesa ne.” Jami'in ya ce, “To, shi ya sa,” ya buga hatimi.

Abin da muke kira gayya su nafir suke ce masa. Wanda ya jagoranci aikin maƙwabcinsu ne, Kuku, mutumin duwatsun Nuba, wanda aka ƙone ƙauyensu ya gudo da iyalinsa. Ya tara maza, wasu Musulmi, wasu Kirista daga kudu, wasu makiyayan yamma da fari ya cinye musu dabbobi. A can inda suka fito, wasunsu ba za su sha ruwa a rijiya ɗaya ba. Ban ce sun zama 'yan'uwa ba, don na ji maganganu a bayan ido. Amma kowa ya san gobe shi ma zai nemi hannu. Ba su yi da tubali ba. Ƙasa suke kwaɓawa su ɗora sahu guda, a bar shi ya sha rana, kashegari a ɗora wani. Hauwa ta bar sana'arta tana dafa musu shayi da tuwon dawa.

Na ce ni ma sai na taka ƙasa. Na naɗe wando na shiga kwaɓin, ƙafa ɗaya ta nutse, na nemi cirowa, sai ga ni zaune a ciki. Kuku ya ɗago ni yana cewa, “Ya Dakta, bango muke ginawa, ba a ce a sa malami a ciki ba.” Daga ranar aka ba ni aikin miƙa ruwa.

Na so in sayi ƙofa da itacen rufi, Baba Idrisa ya hana. Ya ce baƙo ba ya rufa ɗakin da za a sauke shi. Sai Kuku ya kawo wata ƙofar ƙarfe shuɗiya, duk ta lotsa. A nan na koyi abin da daga baya na rubuta a kai da yawa. Idan aka ji motar rusau tana tafe, ba bango ake kuka a kai ba, ƙasa ce, tana ko'ina. Ƙofa ake fara cirewa, sai itacen rufi. Wanda ya tsira da su ya tsira da rabin gida. Kuku ya ce wannan ƙofar ta surukinsa ce da ya rasu, kuma wannan ne gida na uku da za ta tsare.

Kafin a gama, a fili nake kwana kusa da tsohon, kowa da angareb ɗinsa, kamar yadda mutanen ƙasar ke yi lokacin zafi. Da asuba shi da kansa yake tura mini buta. Bai taɓa sa hannu a ginin ba, ko kallonsa ba ya yi sosai. Sai dai ranar da za a yanke wurin taga ya ɗaga murya daga rumfa ya ce a yi ta ta arewa, baƙo ya sha iska.

Ban daɗe da tarewa a ɗakin ba, wata safiya muna shan shayi, sai ga kwamiti. Mutum uku ne, babbansu mai farar jallabiya da rawani. Hauwa ta riga ta roƙi uban ya bar ta ta yi magana, ya ce filin da sunan wa yake? Tsoronta a fili yake. Tsohon ba ya ƙarya. Idan ya ce ɗakin na wani baƙo ne daga Nijeriya, za a ce sun sayar da fili ga ɗan wata ƙasa, wannan kuwa ya fi rashin gini muni.

Mai rawanin ya zagaya ɗakin, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya dawo ya tsaya gaban rumfa. Da Larabci suka yi, ga abin da suka ce.

“Ya Haj, kai ne Idris?”

“Ni ne, ɗana.”

“Ɗakin nan naka ne?”

“A'a.”

Hauwa ta dire kofinta a faranti. Kuku, da ya leƙo ta kan katanga, ya sunkuyar da kai.

“To na wane ne?”

“Ni matafiyi ne. Baƙo na sa aka yi wa.”

Mutumin ya juyo ya dube ni, tun daga hula har takalmi. Ya ce, “Wannan baƙon? Daga ina yake?”

Na buɗe baki, tsohon ya ɗaga mini hannu. 'Yan matan Hauwa suna tsaye a jikin ƙofar shuɗiya, babbar ta riƙe hannun ƙaramar, sun yi shirin makaranta. Ya juya idonsa mai gani ya dube su. Ya daɗe yana dubansu, har mai rawanin ya gyara tsayuwa.

Ya ce, “Wannan kwana kaɗan zai yi ya wuce. Ga masu ɗakin can. A ƙasar nan aka haife su, a ƙasar nan aka haifi uwarsu. Ni na yi wa ubana alkawari. Su ba su yi ba.”

Mai rawanin ya ce, “Amma sunanka ne a kan filin.”

“Bar shi a kai. Sai dai kada ka rubuta cewa na zauna.”

Mutumin ya yi murmushi, ya ce, “Ya Haj, ni abu biyu aka aiko ni in duba, an gina ko ba a gina ba. Zama da tafiya wannan tsakaninka da Ubangijinka ne.” Ya ce wa na kusa da shi ya sa an gina. Hauwa ta rantse sai sun sha shayi, suka sha a tsaye, suka wuce fili na gaba.

Da suka tafi ta durƙusa gaban uban. Ya ce, “Tashi, ke. Shayin baƙo ya huce.”

Na ƙarasa sauran kwanakina a ɗakin, ina shiga gari da safe ina dawowa da yamma. Rikodata ba ta fito ba sai ana gobe zan tafi, don haka duk hirarrakin da na yi a Dar Salam da kunne na ɗauke su, a bakin ƙofar nan, mutane suna zuwa da kansu saboda an ce baƙon Baba Idrisa ne. A gidan baƙi na jami'a ba wanda zai zo ya gaya mini abin da suka gaya mini.

Ranar tafiya tsohon ya rako ni har bakin hanya, yana dogara sanda. Ya ce in na je Katagum in gaishe da mutanen gida. Na ce wa da wa? Ya yi tunani, ya ce, “Duk wanda ka gani.” Sannan ya ce, “Ɗakinka yana nan. Yaran aro na ba su.”

Bayan wasu shekaru na haɗu da Dakta Usman a wani taro, ya ce ya leƙa su Hauwa. Baba Idrisa ya rasu a rumfarsa, bai taɓa kwana a ƙarƙashin rufin nan ba ko sau ɗaya, ko da ruwan sama. Hauwa ta ƙara ɗaki na biyu, ta ja katanga, ta dasa darbejiya. Ɗakin farko kuwa, mai shuɗiyar ƙofa, har lokacin ɗakin Dakta suke ce masa.

To, Alhaji Sule, mata dai babu. Ɗaki ne ƙwaya ɗaya na ƙasa, tagarsa ta arewa, kuma akwai masu aro a ciki.